Zamanin da Kaset Ke da Tsada

Idan yaran unguwarmu a nan Gadarif, gabashin Sudan, suka tambaye ni sana'ar da nake yi kafin yaƙi ya koro mu, nakan ce musu a talabijin nake aiki. Sai su ce, "Kawu, to ya aka yi ba mu taɓa ganin ka a ciki ba?" Ai ba za su gan ni ba. Ni mai tace hoto ne. Shekara talatin da ɗoriya na yi a ɗaki marar taga, sanyin na'ura yana dukan ƙeyata, ina harhaɗa abin da wasu suka ɗauko har ya zama shirin da za a iya nuna wa jama'a. Sunana kan fito ne a ƙarshe, cikin jerin sunayen nan da ke wucewa da gudu bayan kowa ya riga ya miƙe.

A Wad Madani aka haife ni. Mahaifina tela ne. Kakana kuwa a ƙafa ya taho daga ƙasar Hausa da niyyar Makka, aikin auduga a Jazira ya riƙe shi kamar yadda ya riƙe dubban irinsa, har ƙasa ta rufe masa ido bai ga Jidda ba. Akwatin talabijin na farko da na gani na wani maƙwabcinmu ne ma'aikacin jirgin ƙasa. Ana sallame magariba za a fito da shi tsakar gida a ɗora a kan tebur, a zuro waya ta taga, manya su hau gadajen igiya, mu yara mu zube a ƙasa. Hoto baƙi da fari ne. Da karatun Alƙur'ani ake buɗewa, a rufe da taken ƙasa, daga nan sai ƙarar shuu da ɗige-ɗige. In ka makara ka makara ke nan, babu mai maimaita maka. Shi ya sa washegari a makaranta da kasuwa da bakin famfo zance ɗaya kowa yake yi.

Talabijin ya shigo Sudan da wuri, kusan lokaci ɗaya da na Kaduna. A ƙarshen 1962 aka fara gwaji da taimakon Jamus ta Yamma, aka buɗe shi sosai a 1963 a Umdurman, a bakin Nilu, jikin gidan rediyon ƙasa, wanda shi tun 1940 yake magana. Madani ta samu tata tashar a farkon shekarun 1970 saboda manoman Jazira.

Na shiga harkar a 1991, ba kuma ta ƙofar makaranta ba. Wani ƙanin mahaifiyata ne ya kai ni wani ƙaramin kamfani a Umdurman da ke shirya tallace-tallace da shirye-shirye yana sayarwa, ya ce musu yaron yana da ƙarfi kuma ba shi da ɗan hali. Iyakar takardar shaidata ke nan. Dako na fara yi. A lokacin kyamara daban, na'urar naɗa daban, U-matic ake ce mata, kaset ɗinta na fita waje minti 20 kawai yake ɗauka. Ni ke rataye da ita a kafaɗa ina bin mai kyamara, wata waya mai kauri ta haɗa mu. In ya juya in juya, in ya ruga in ruga, in na yi nawa wayar ta fizge shi, in sha zagi a gaban mutane. Sai da Betacam SP ta zo hannunmu, kyamara da naɗi a jiki ɗaya, kafaɗata ta huta.

Wanda ya koya mini aiki wani dattijon injiniya ne, ba mai kiran sunansa, Bashmuhandis kawai ake ce masa. Darasin farko da ya ba ni a kan farar jallabiya ne. Mutumin Sudan baƙi ne, rigarsa fara fat, rawaninsa fari, rana kuma a tsaye. Idan ka bar kyamara ta auna haske da kanta, farin za ta bi, ta tsuke idonta, sai ka dawo da riga da rawani suna magana, fuska ta zama rami. Sai ya dafa ni ya ce, "Yaro, fuska ake kallo, ba rawani ba." Ya koya mini in ja mutum zuwa inuwar darbejiya, in riƙe farin allo ta ƙasa in mayar masa da haske a haɓa, in bar rigar ta ƙone in dai ido ya fito. Har gobe in na ga hoton wani babba a labarai fuska ta ɓace, na san an tura yaro shi kaɗai ne babu wanda ya gaya masa.

Ɗakin tacewa kuwa, can na samu wurin zama. Na'ura biyu ce. Ta hagu tana kunna abin da aka ɗauko, ta dama tana naɗa, a tsakiya akwai allon maɓallai da wani ɗan gargare da kake murzawa da yatsa, hoto ya matsa gaba ko baya ɗaya bayan ɗaya, guda 25 a kowace daƙiƙa. Kafin ka fara sai ka shimfiɗa wa sabon kaset baƙi da lambobin lokaci tun daga farko har ƙarshe. Kaset na awa ɗaya, awa ɗaya za ka zauna kana kallon baƙin allo. Sannan ka sa zanen launuka da ƙarar nan mai shiga kunne, don injiniyan tasha ya daidaita nasa injin da naka. In ka zaɓi inda hoto zai shiga da inda zai fita, sai ka danna, na'urorin biyu su ja da baya daƙiƙa biyar, su taho tare, jar fitila ta kama. Wannan daƙiƙa biyar ɗin, ba mai tari a ɗakin.

Wahalar ita ce a jere ake ginin. In ka kai minti na ashirin darakta ya ce a ƙara masa daƙiƙa goma a minti na uku, hanya biyu ce: ko ka koma minti na uku ka sake komai, ko ka kwafe zuwa wani kaset, hoto ya rage kyau, ja ya fara zuba, fuskokinmu baƙaƙe su fara dusashewa tun kafin na kowa. Saboda haka ba a taɓa na'ura sai an gama shirin a takarda. Ka kalli duk abin da aka ɗauko, ka rubuta lambar kowane hoto, ku yi gardama da darakta har ku gaji, sannan a kunna. Haka nake ganin mahaifina yana yi da shaddar mutane: ya shimfiɗa, ya juya, ya zana da alli, ya tafi sallah ya dawo, sannan ya ɗauki almakashi, don abin da aka yanka ba ya komawa. Kaset kuma da dala ake sayo shi. Mai kyamara ya san minti talatin ne a cikinsa, ba zai danna ba sai ya san abin da yake nema.

Babban abokin gabarmu ƙura ce. In habub ya taso sararin Hartum ya yi ja, duk yadda ka toshe ƙofa sai ta shiga. Ƙwaya ɗaya ta hau kan na'ura, hoto ya tsage da fararen layuka. Sai Bashmuhandis ya buɗe murfi, ya jiƙa 'yar fata mai laushi da sifirit, ya dafa a hankali yana juya gangar da ɗan yatsa, bakinsa na motsi, ban taɓa rabe ko addu'a yake yi ko zagi ba. Na'urar sanyaya ɗaki don injin aka sa ta, mu albarkacinsa muke ci. Ga ɗaukewar wuta, wadda in ta zo a tsakiyar naɗi injin kan tauna kaset. Daga 1997 kuma Amurka ta ƙaƙaba wa Sudan takunkumin da ba a ɗage ba sai 2017. Kayan gyara da manhajoji sai ta bayan gida, galibi daga Dubai a cikin akwatin wani fasinja. Injin da ya mutu ba a yar da shi, a jikinsa ake ciro abin da za a raya ɗan uwansa.

Abin da na fi kewa shi ne yawanmu. Fita ɗaya sai mota ta cika: darakta, mai kyamara, mai sauti, mai fitila, mai gabatarwa, ɗan dako, direba. Wajen ƙarfe goma sha ɗaya a ajiye komai a yi karin kumallo, a zuba ful, wato dafaffen wake, a babban kwano da man riɗi da albasa da cuku, a marmasa burodi a ciki, kowa ya sa hannu, daga darakta har ɗan dako. Daga nan a koma gindin bishiya wajen mai shayi. A nan ake gyara shiri ba a ofis ba. Mai sauti ya ce maganar dattijon nan ba ta fita ba, a koma. Direba, wanda ya fi kowa sanin ƙasa, ya ce ba a shiga garin can da kyamara sai an fara gaida shehinsu. Kowane ɗayansu yana iya ce maka a'a, kuma sau da yawa shi ke da gaskiya. Kafin hoto ya isa gidan mutane ya bi ta idanu da yawa.

Kada dai wani ya ɗauka zan ce zamanin nan aljanna ne. Talabijin na gwamnati ne, kowace gwamnati. A Sudan duk mai son mulki Umdurman yake fara nufa. Haka aka yi ran 25 ga Mayu 1969 da Numairi, haka aka yi ran 30 ga Yuni 1989 da Bashir. Ran 11 ga Afrilu 2019 ma da kiɗan soja aka wayi gari ana jiran sanarwa, a Oktoban 2021 kuma sojoji suka sake shiga ginin. A shekarun 1990 akwai shirin Fi Sahatil Fida, wanda ke kawo yaƙin Kudu cikin gidaje da waƙe-waƙen zuga, yara da yawa sun tafi daji saboda shi ba su dawo ba. Mu da ke kamfanoni ba sai an aiko mana da takarda ba, mun san abin da zai wuce da wanda za a dawo da shi: mayafin da ya zame, ministan da aka sauke jiya, layin burodi a bayan mai magana. Duk mai tacewa na wancan lokaci ya iya wannan lissafi.

Sannan ga tamu matsalar, mu Hausawa. Macen da ta fara waƙa a Rediyon Umdurman a farkon shekarun 1940, A'isha Falatiya, jininmu ce, a Kasala aka haife ta, duk Sudan na alfahari da ita. Amma da Larabci ta shiga. Mu da harshenmu, in an nuno mu, to ranar baje kolin al'adu ce ana rawa, ko mai agashe yana fifita wuta a bayan mai gabatarwa, ko a wasan barkwanci wani yana kwaikwayon gurɓataccen Larabci ana dariya. Mutanen da suka yi noman Jazira da Gadarif, suka kama kifin Nilul Azrak, suka cika makarantun allo, ba a taɓa zaunar da su an tambaye su labarinsu ba.

Wajen ƙarshen shekarun 1990 aka ba kamfaninmu aikin wani shiri a kan madatsar ruwa ta Sinnar, wadda aka gama a 1925. Na roƙi darakta ya tafi da ni, na kuma roƙi a ƙara mana kaset. Da muka gama abin da ya kai mu, na ja su zuwa ƙauyukan da ke kusa da Mai Wurno. Wanda bai sani ba, garin ya samo sunansa ne daga Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, wanda ya ci gaba da hijira da sauran jama'a bayan Turawa sun kashe mahaifinsa a Burmi a 1903. Fulani da Hausawa suka zauna a wannan gaɓa, wasu kuma suka yi ta biyo su shekara da shekaru.

A wani gida aka kai mu wurin wata tsohuwa. Tana zaune a kan buzu, ƙafa a miƙe, carbi a hannu, idon ya yi fari. Na durƙusa na gaishe ta da Hausa, abokan aikina suka saki baki, don wasunsu ba su taɓa jin na yi ba. Na maƙala mata makirfo a bakin mayafi, ta shafa shi ta ce, "Ɗan nan, wannan kuma layar mece ce?"

Na ce, "Inna, murya yake ɗauka. Labarin tahowarku za ki ba mu."

"Wa zai ji?"

"Duk ƙasa, Inna."

Ta yi shiru, sannan ta ce, "Da Hausa?"

Na ce da Hausa. Sai ta gyara zama ta fara jero garuruwa yadda uwarta ta jero mata, ba ta tsallake ko ɗaya ba: Kano, Borno, Kusuri, Abashe, Adare, Jinaina, Fashir, Nuhud, Ubayyid. Kowane gari da abin da ya faru a cikinsa. Nan aka tsaya damina biyu aka yi noma don guzuri ya ƙare. Nan jakin ya mutu. Nan aka binne ƙanwar uwarta, aka sa dutse, ba wanda ya sake komawa. Hausarta irin ta dā ce, akwai kalmomin da rabona da su tun bakin kakana. Mai kyamara, wanda ko "sannu" bai sani ba, ya ƙi ɗaga ido daga kyamara har kaset ya ƙare, ya miƙo hannu a ba shi wani ba tare da ya juyo ba.

A shirin da aka nuna, 'yan daƙiƙoƙi aka ba ta. An danne muryarta, mai sharhi yana magana a kai da Larabcin littafi game da zaman lafiyar ƙabilu, ana kiɗa a ƙasa. Ban yi mamaki ba, na ce ai asalin yana nan. Na rubuta wa kaset-kaset ɗin suna da jan biro na sa su can ƙuryar kabad. Bayan wani lokaci na dawo daga hutun Sallah na tarar an manna musu sabuwar takarda. Aiki ya taso, kaset ya yanke a kasuwa, maigida ya ce a ɗauko tsofaffi. An naɗi taron wani kamfani da tallar sabulu a kan Inna. Da na yi magana ya ce, "Ustaz, ka san nawa ake sayar da ɗaya?" Na sani. Tsadar nan da ta koya mana natsuwa ita ce kuma ta sa ake shafewa, kuma in za a shafe ba a farawa da jawabin shugaban ƙasa. Ba mu kaɗai ba ne, gidajen talabijin na duniya da yawa sun yi wannan ɓarna, har waɗanda suka fi mu kuɗi.

Ana cikin haka sama ta buɗe. Tashar MBC ta fara daga Landan a 1991, Aljazira a 1996, Masar ta harba tauraron ɗan Adam na Nilesat a 1998. Dish ya hau rufin gidaje, har na jar ƙasa. Mutumin da bai da zaɓi jiya, yau rimot ne a hannunsa. Duk da haka shekarun farko ba su yi mana muni ba. Fetur ya fara fita a 1999, kamfanonin waya suna rige-rigen talla, sababbin tashoshi suka buɗe, irin su Nilul Azrak da Ashuruk, ni ma na koma wata tasha mai zaman kanta. Azumi shi ne kakarmu. Tun Rajab ba ma barci, don abin da za a nuna bayan shan ruwa shi ke ciyar da tasha shekara guda. Duk wanda ya zauna a Sudan ya san yadda ake naɗe tabarmar buɗa-baki a titi a yi cikin gida don shirin waƙoƙin da marigayi Assir Gadur ke gabatarwa, da dariyar nan tasa. Wannan shi ne abu na ƙarshe da na ga ƙasar nan tana kallo tare.

Kwamfuta ta shigo ɗakin tacewa, kuma ba zan ɓoye ba, na ji daɗinta. Ka sa hoto a tsakiya ba tare da ka rushe gini ba, ka yi kuskure ka janye. Amma da kaset ya zama ƙarami, daga baya ya zama memori, sai ɗauka ta zama kyauta. Yaro ya dawo maka da awa shida na abin da minti goma ya isa, ya ce ka nemo labarin a ciki. Masu tasha kuma suka gane mutum biyu za su iya fita maimakon mota guda. Aka fara sallamar mai fitila, sai mai sauti. Da Kudu ta ɓalle a Yulin 2011 ta tafi da kusan kashi uku cikin huɗu na fetur, fam, kuɗin Sudan, ya fara zubewa, talla ta ja baya, hayar tauraron ɗan Adam kuwa da dala ake biya. A inda nake albashi ya koma sai an ga dama. Fita ƙauye ta tsaya. Shiri ya zama kujera biyu da tebur da gilashin ruwa, mutum biyu suna ta zuba har awa ta cika, don shi ne mafi araha. Gwanayenmu suka watse, wasu Riyad, wasu Doha da Dubai. Mai sautin da na fi yarda da kunnensa ya tafi haƙar zinariya a arewa.

Abin da ya rage na amana ya ƙare a Disambar 2018. Mutane na kan titi suna zanga-zanga tun daga Damazin da Atbara har Hartum, allon gida kuma yana nuna waƙa da girki. Kowa ya koma Facebook, inda wani yaro ke gudu da waya a hannu hoto na rawa, amma abin da ke faruwa ne. Bayan an tarwatsa zaman dirshan na masu zanga-zanga a Hartum ran 3 ga Yuni 2019 aka rufe intanet fiye da wata guda. Ko a lokacin mutane ba su dawo wa talabijin ba, jira suka yi. Ranar da aka buɗe, hotunan da ke ɓoye a wayoyi suka kwararo gaba ɗaya.

A Yulin 2022 abin ya zo kanmu, da rikicin Nilul Azrak, inda aka kashe mutane da yawa, aka kori dubbai daga gidajensu a wajejen Rusairis da Damazin. Ta WhatsApp muka ji, da muryoyin 'yan uwa suna kuka da Hausa. Ba don waya ba da ba wanda zai san abin da ya same mu, wannan ba na musun sa. Amma a cikin abin da aka yi ta turowa na ga hotunan da ba na Sudan ba ne ma. Idon mai tacewa ba ya kwana: ga lambar mota ta wata ƙasa, ga ginin da ba irin namu ba, ga sautin da aka ɗora daga baya bai dace da baki ba. Na yi ta gaya wa mutane, wasu suka ce na zama ɗan gwamnati. Babu mai sauti, babu direba, babu Bashmuhandis da zai ce dakata. Daga hannun mai ɗauka sai zuciyar mai kallo, kuma a irin wannan rana hoto ɗaya na ƙarya yana iya sa a ƙona unguwa.

Ran 15 ga Afrilu 2023 yaƙi ya tashi. Tun a kwanakin farko dakarun RSF, masu yaƙi da sojan gwamnati, suka kama ginin rediyo da talabijin, tashar ƙasa ta koma watsawa daga Fot Sudan, sai a Maris 2024 soja suka karɓe ginin. Mutane na ta murna ko baƙin ciki gwargwadon ɓangarensu, ni hankalina na kan ɗakunan ajiya. A nan muryoyin mawaƙa da malamai da 'yan siyasar ƙasar nan suke, tun kafin 'yancin kai na 1956. Kaset ba ya bukatar harsashi kafin ya mutu. Ya ishe shi a kashe masa sanyi a bar shi da zafin Umdurman da ƙura. Tsohon fim kuma in ya fara lalacewa tsami yake yi, kana buɗe gwangwanin za ka ji. Ko wanda ya tsira, sai an samu injin da zai kunna shi da mutumin da ya iya injin, mu kuma ƙarewa muke yi.

A hanyar gudu, daga Umdurman zuwa Madani, daga Madani kuma da ta faɗi a Disambar 2023 zuwa nan, ba talabijin ne ya yi mana rana ba, ba kuma waya ba, don sau da yawa babu layi babu caji. 'Yar rediyo ce mai batir. Abin takaici, BBC ta rufe rediyonta na Larabci a Janairun 2023 bayan shekara 85, wata uku kafin yaƙin, har sai da ta dawo ta buɗe wani ɗan shirin gaggawa saboda Sudan. Sashen Hausa na Muryar Amurka, wanda tsofaffinmu ke kamawa tun 1979, shi ma ya yi shiru a Maris 2025. Masu yanke wannan shawara suna lissafin masu kallo a intanet ne. Matar da ke zaune a makarantar da aka mayar sansani ba ta cikin lissafin.

Yanzu ɗan yayata nake yi wa aiki. Shi ke ɗaukar biki da tallar shaguna da wayarsa, ni in tace a wata tsohuwar kwamfutar tafi-da-gidanka in an kawo wuta. Hoton wayar nan ya fi na Betacam ɗin da muke lallaɓawa fitowa, yaron kuma yana da ido, ban koya masa inda ake tsayawa ba. Faɗanmu ɗaya ne. Ya leƙo ya ce, "Kawu, ka cika ja. Minti ɗaya ya wuce, ba mai tsayawa." Ni kuma in tambaye shi ina bikin makon jiya, ya ce ya goge, memori ya cika. Wayarsa ta farko a wani shingen hanya aka karɓe ta, da duk abin da ya ɗauka na shekarun zanga-zanga a ciki.

Mun dai yi yarjejeniya. Ina tace masa tallarsa a tsaye yadda yake so, shi kuma duk Juma'a ya ba ni yammacinsa. Muna bin tsofaffin Hausawan Gadarif da waɗanda yaƙi ya kawo daga Sinnar da Jazira, mu zaunar da su a inuwa, waya a kwance a kan ƙafar kyamara, makirfo a wuyan riga, ba kiɗa, ba mai sharhi, ba mai katse su. Ina rubuta sunan gari da kwanan wata a littafi da biro, in kwafe a faifan ajiya biyu. Ɗaya yana wurina, ɗayan in an samu mai tafiya Umra ya kai wa ƙanwata a Makka. Faifan ne ke ba mu wuya, don kuɗinsa ya kusa na buhun dawa, sai mun haɗa biki biyu ko uku kafin mu sayi ɗaya. Wannan makon wani tsohon mahauci ne a layi, wanda ya yi agashe a kasuwar Madani tun zamanin mulkin Janar Abbud. Ya aiko jikansa ya ce mu zo bayan la'asar, mu taho da goro, kuma kada a kawo masa mata su zauna, don akwai labaran da ba zai faɗa a gabansu ba.